Yadda Ake Gano Asalin Dunƙulen Tama a Cikin Dutse da Marmara

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiyar da ake haƙa a Rigasa ko Mando a garin Kaduna, ko ya leƙa ramukan da tifofi ke ɗibar burji a hanyar Kachia, ya san waɗannan duwatsu ko da bai san sunansu ba. Dunƙulallu ne masu launin tsatsa ko baƙi-baƙi, wasu kamar ƙwayar gyaɗa, wasu kamar ƙwan zabo, wasu har sun kai girman goruba, kuma idan mutum ya ɗauki ɗaya sai ya ji nauyinsa ya zarce abin da ido ya ƙiyasta. Yara na harbin tsuntsu da su. Manya kuwa idan suka tsinci wanda ya yi kyan siffa sai ra'ayi ya rabu: wani ya ce daga sama ya faɗo, wani ya ce alamar zinariya ce a kusa, wani kuma ya ce kashin maƙera ne na mutanen da. Mafi yawansu ƙarfe ne wanda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ɗebo daga wani wuri ya tara a wani, kuma ana iya gane yadda aka yi hakan da kayan aiki kaɗan, muddin an bi abin daki-daki. Sharaɗin da zan yi ta nanatawa shi ne, rabin labarin dunƙule yana jikin wurin da aka ciro shi, saboda haka wanda ya zo da dutse a aljihu ba tare da ya lura da mazauninsa ba ya riga ya zubar da rabin shaidarsa.

Abin da bokitin ruwa ke koyarwa

A wasu unguwanni ana tara ruwan burtsatse garau da safe, kafin la'asar sai a ga ya koma ruwan ɗorawa, washegari kuma a tarar da jar laka ta kwanta a gindin bokiti. Wannan shi ne dukan sirrin abin da muke magana a kai, a taƙaice. Ƙarfe yana da hali biyu a cikin ruwa. Inda babu iskar oksijin, kamar can ƙasan rijiya ko cikin taɓon fadama, yakan narke ya bi ruwa duk inda ya nufa ba tare da an gan shi ba. Da zarar ruwan ya haɗu da iska, sai ƙarfen ya juya ya zama tsatsa, tsatsa kuwa ba ta narkewa, dole ta kwanta inda ta samu kanta. Idan ta fara kwanciya a jikin wani abu, ko ƙwayar yashi ce, ko guntun saiwa, ko ɓawon katantanwa, sai wadda ta biyo baya ta fi son ta ɗoru a kan ta farko maimakon ta buɗe sabon wuri, kuma ta haka ake samun curi mai girma a hankali. Siffar ƙwallo da yawancinsu ke da ita ta samo asali ne daga yadda narkakken ƙarfen ke iso wa curin daidai wa daida ta kowane ɓangare. Inda ruwan ya fi samun hanya ta gefe ɗaya, sai dunƙulen ya yi tsawo kamar rogo ko ya yi faɗi kamar waina.

Mataki na farko: ka san ƙasar da kake tsaye a kanta

Masana sun kasa duwatsu kashi uku, amma a nan gida biyu za mu raba su. Akwai duwatsun shimfiɗa, wato waɗanda suka samu daga yashi da laka da suka kwanta hawa-hawa a gindin teku ko kogi ko tafki, suka danƙare har suka zama dutse. Akwai kuma tsoffin duwatsun tushe irin na Kufena da na Kajuru da falalen da ke bayyana a cikin kogin Kaduna da rani, waɗanda shekarunsu sun haura miliyan 500, kuma wuta da matsi ne suka samar da su a can cikin ƙasa. Birnin Kaduna da Zariya da mafi yawan jihar a kan wannan tsohon tushe suke zaune. Ma'ana, dunƙulen da aka tsinta a Kawo ko Sabon Tasha da wuya ya zama daga dutsen shimfiɗa ya fito. Galibi ɗan marmara ne.

Mai son ganin dunƙulen tama a cikin ainihin dutsen shimfiɗa sai ya yi tafiya. Mafi kusa shi ne kwarin Bida, wanda ya miƙa daga wajajen Kontagora har zuwa Lakwaja, inda yashi da laka suka kwanta kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce. Tsaunukan yankin masu shafaffen kai, kamar an yanke da wuƙa, tama ce ta rufe samansu ta hana ruwan sama cinye su, kuma masana sun raɗa wa shimfiɗun tamar sunayen garuruwan Sakpe da Batati, sai kuma ta tudun Agbaja kusa da Lakwaja. Akwai irinsu a kwarin Sakkwato, musamman a cikin duwatsun yankin Gwandu, da kuma kwarin Binuwai. Tamar Itakpe ta jihar Kogi da wadda ke yankin Birnin Gwari wani jinsi ne dabam, domin jere-jere suke a cikin tsoffin duwatsun tushe, kada a haɗa su da abin da ake bayani a nan.

Mataki na biyu: ka rubuta kafin ka ɗauka

Kayan aikin su ne guduma da kurfi, da mayen ƙarfe (na tsohuwar sifika ma ya isa), da guntun tayil wanda bayansa fari ne marar sheƙi, da ƙusa, da madubin ƙara girma, da ledoji, da littafi da biro, da tabarau na kare ido. Wuraren da suka fi dacewa su ne inda aka riga aka yanka ƙasa: gefen hanyar da ta ratsa tudu, ramin burji, gaɓar rafi da rani, da tarin ƙasar sabuwar rijiya. A nemi izinin mai gona ko mai unguwa tukuna, kuma kada a tsaya ƙarƙashin gaɓar da ta rinjayo, musamman da damina.

Kafin guduma ta taɓa komai, ka ɗauki hoton dunƙulen a mazauninsa tare da biro a gefensa domin a gane girmansa. Ka rubuta zurfinsa daga saman ƙasa, da irin abin da ke kewaye da shi, ko yashi ne ko yumɓu ko jar ƙasa, da launinsa. Ka duba ko dunƙulallun a jere suke kan layi ɗaya kamar tasbaha, ko a warwatse, ko sun bi wata tsaga. Masu haƙar rijiya sun fi kowa sanin wannan jeri a Kaduna, kuma tambayarsu tana da amfani ƙwarai: za su gaya maka cewa bayan ƙasar sama sai jar ƙasa mai tsakuwa, sai marmara mai tauri, sai yumɓu mai dabbare-dabbaren ja da fari, sai farar ƙasa, sai ruɓaɓɓen dutse, sannan a tarar da dutse mai rai. Wanda ya san a wane hawa ne dunƙulensa ya fito ya yi nisa.

Mataki na uku: gwaje-gwajen hannu

Gwaji mafi amfani shi ne goga dutsen da ƙarfi a bayan tayil, domin launin garinsa ba ya yaudara kamar launin bayansa. Jan layi mai duhu irin na busasshen jini alamar hematayit ce, ma'adinin da ƙarfensa ya kai kusan kashi 70 cikin 100. Layi mai ruwan ɗorawa da ya karkata zuwa ruwan ƙasa na gotayit ne, wato tsatsar da ke riƙe da ruwa a jikinta, mai ƙarfe kimanin kashi 63, kuma ita ce ta fi yawa a marmararmu da tamar Agbaja. Fari ko fari-fari daga dutse mai nauyi, mai launin toka ko ruwan ƙasa, yana nuna sidarayit, haɗin ƙarfe da kabonet (sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai), mai ƙarfe kashi 48. Baƙin layi mai ɗan kore daga dutse mai ƙyallin tagulla na fairayit ne, haɗin ƙarfe da farar wuta. Wannan na ƙarshe shi ne ke ruɗin masu neman zinariya, alhali bambancin a fili yake: zinariya tana lanƙwasa ta baje idan aka buga ta kuma ƙusa tana karce ta, fairayit kuwa tarwatsewa yake yi kuma ƙusa ba ta kama shi.

Sai mayen ƙarfe. Abin mamaki ga mutane da yawa shi ne hematayit da gotayit da fairayit, duk da yawan ƙarfensu, ba sa manne masa. Magnetayit ne ke manne wa sosai, layinsa kuma baƙi ne wuluk. Sai dai akwai wani abu da ya kamata mai bincike a ƙasarmu ya sani: tsakuwar marmarar da ke saman ƙasa takan manne wa mayen ƙarfe saboda ƙonar daji, domin zafin wuta tare da ciyawar da ke ci suna juya tsatsar fatarta zuwa wani nau'i mai jawuwa. Don haka mannewa kaɗai ba hujja ba ce ta cewa dutse daga sama ya zo.

Nauyi ma ana auna shi cikin sauƙi da ƙaramin sikelin lantarki. A auna dutsen a bushe, a rubuta. Sannan a ɗora kofin ruwa kan sikelin a mayar da shi sifili, a ɗaure dutsen da zare a nutsa shi cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindi ko gefe ba, a karanta abin da ya nuna, a raba lamba ta farko da ta biyu. Idan misali dutsen giram 120 ne a bushe, kuma sikeli ya nuna 35 a ruwa, sakamakon 3.4 ke nan. Yashi zalla 2.65 yake bayarwa, sidarayit kusan 3.9, fairayit 5, hematayit wajen 5.3. Yawancin dunƙulallu sukan faɗa tsakanin 3 da 4 saboda yashin da ke gauraye a ciki, kuma gwargwadon yadda lambar ta matsa kusa da ta yashi, gwargwadon ƙarancin ƙarfen ke nan.

Mataki na huɗu: ka fasa, ka karanta cikinsa

A naɗe dunƙulen da tsumma, a sa tabarau, a buga shi sau ɗaya a tsakiya. Ya fi kyau a fasa biyar ko shida daga wuri ɗaya, domin guda ɗaya na iya zama bare a cikin 'yan'uwansa.

Idan aka ga ƙwayoyin yashi a ko'ina cikin dunƙulen, tsatsa ta like su kamar siminti, to ƙarfen ya iske yashin a kwance ne ya cike ƙofofin da ke tsakaninsa. Idan aka ga zobba cikin zobba kamar yankakkiyar albasa, ruwa mai iska ne ya yi ta kutsawa daga waje yana ajiye tsatsa zango-zango. Wani lokaci sai a tarar da ɓawo mai tauri a waje, ciki kuwa sako-sakon yashi ko garin yumɓu, ko ma fanko mai ɗan dutse da ke kaɗawa kamar caki. Irin wannan yawanci sidarayit ne tun asali: da iska ta iso masa sai ƙarfen cikinsa ya narke ya yi ƙaura zuwa fata inda ya haɗu da oksijin ya daskare, ya bar tsakiya a wofi. Ana kuma samun masu tsage-tsage a ciki kamar busasshen taɓon kududdufi, waɗanda wani farin ma'adini ya cike daga baya.

Tsakiyar ita ce wurin da ya fi cancantar a sa madubi. A can ake samun abin da curin ya fara ginuwa a kansa, kuma a wasu wurare na duniya wannan ya zama taska. A Mazon Creek ta jihar Illinois a Amurka, dunƙulallun sidarayit masu shekara fiye da miliyan 300 sun adana ganyaye da ƙwari da kifaye, har da halittu marasa ƙashi waɗanda da ba don haka ba da babu wanda zai san sun taɓa rayuwa.

A nan ne kuma ake sallamar zato biyu na mutanen gari. Kashin maƙera yana da ƙofofin kumfa da alamar kwarara kamar daskararriyar kakin zuma, wani lokaci da gurbin gawayi a jikinsa, kuma samunsa a jihar nan ba baƙon abu ba ne, domin an daɗe ana narka tama a ƙasar Zazzau da yankin Nok. Wanda ya tarar da tarinsa ya sanar da masu kula da kayan tarihi, kada ya kwashe. Dutsen da ya faɗo daga sama kuwa yana da siririyar baƙar fata ta ƙuna, ba ya da zobba, ba ya da ƙwayoyin yashi, kuma samunsa abu ne mai wuya ainun, ko da yake ya taɓa faruwa kusa da mu: a watan Oktoba na 1962 wani mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, daga baya aka tabbatar daga duniyar Mas ya fito.

Mataki na biyar: ka koma jikin gaɓa ka tambayi lokaci

Wannan shi ne matakin da ya fi muhimmanci a ganina, kuma shi ne wanda ake yawan tsallakewa. A cikin dutsen shimfiɗa, siraran layukan yashi ko laka suna gaya maka yaushe dunƙulen ya samu. Sabuwar laka fiye da rabinta ruwa ne, kuma idan wata ta hau kanta sai ta matse ta koma siririya. Dunƙulen da ya taurara da wuri, tun laka na da taushi, ba ya matsuwa, don haka za ka ga layukan sun lanƙwasa sun zagaye shi ta sama da ta ƙasa kamar yadda tabarma ke tudu a kan dutse. Idan kuwa layukan sun ratsa ta cikinsa sun fita ɗaya gefen a miƙe, to ya zo ne bayan dutsen ya gama zama, ta hanyar ruwan da ke bin ƙofofin yashi ko tsagogi, wataƙila miliyoyin shekaru daga baya.

Masu zuwa da wuri aikin ƙwayoyin bakteriya ne a mafi yawan lokuta. A cikin lakar da ta binne ganye ko mushen halitta, oksijin na ƙarewa da sauri, sai wasu bakteriya su koma amfani da tsatsar da ke jikin laka wajen cin wannan ruɓa, abin da ke narkar da ƙarfen ya kuma saki kabonet. Abin da zai biyo baya ya danganta da irin ruwan. Ruwan teku yana da gishirin salfet mai yawa, wanda wasu bakteriyan ke juyawa ya zama iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ita kuma ta kama ƙarfen nan take ya zama fairayit. Ruwan daɗi na fadama da bakin kogi ba shi da salfet sosai, saboda haka ƙarfen yakan haɗu da kabonet ya zama sidarayit. Shi ya sa dunƙulen fairayit a cikin baƙin dutsen laka ke nuni ga tsohon teku, na sidarayit kuma ke nuni ga tsohuwar fadama, kuma shi ya sa ake yawan samun sidarayit tare da kwal. A Ingila irin wannan tama ta cikin ramukan kwal ce ta ciyar da masana'antun ƙarfe na farko.

Masu zuwa daga baya sun fi yawa a dutsen yashi, kuma sau da yawa za ka ga yashin da ke kewaye da su ya koɗe ya yi fari, alamar cewa daga jikinsa aka wanke ƙarfen. Sanannen misali yana jihar Utah ta Amurka, inda ƙwallayen tama ke zube a kan dutsen yashi, kuma masana sun koma kansu da sabon nazari bayan motar bincike ta Opportunity ta gano ƙananan ƙwallayen hematayit a duniyar Mas a 2004, domin sun zama shaidar cewa ruwa ya taɓa ratsa duwatsun can.

Akwai jinsi na uku, wanda shi ne na Agbaja da Sakpe: dutsen da gaba ɗayansa ƙananan ƙwallaye ne kamar ƙwan kifi ko ƙwayar gero, kowanne da zobbansa. Waɗanda ba su kai milimita 2 ba da waɗanda suka haura haka sunayensu dabam a wurin masana, amma duka sun ginu ne a lokacin kwanciyar shimfiɗar kanta, a ruwa marar zurfi inda laka ba ta zuba da yawa. Tamar Agbaja tana da yawa ƙwarai, sai dai sinadarin fosfaras da ke cikinta yana sa ƙarfe gautsi, abin da ya daɗe yana wahalar da masu son sarrafa ta.

Dawowa gida: tsakuwar marmara

Namu na Kaduna ba su da layukan shimfiɗa da za a karanta, saboda haka jerin da mai haƙar rijiya ya lissafa shi ne madogara. Ruwan sama na fiye da milimita 1,000 a shekara, da zafi, sun yi dubban dubban shekaru suna ruɓar da dutsen tushe, suna kwashe abin da ke narkewa suna barin ƙarfe da alminiyam. Da damina ruwan ƙasa yakan taso ya kori iska, ƙarfe ya narke ya motsa. Da rani ya ja baya, iska ta shigo, ƙarfen ya kwanta. Jajayen ɗigon da ke cikin yumɓu mai dabbare-dabbare su ne jariran dunƙule, har ana iya murje su da yatsa. Kaɗan sama da nan sun taurara sun zama tsakuwa, can sama kuma sun haɗe sun zama falalen marmara. Idan ka jera samfur daga kowane hawa a kan tabarma, za ka ga girman abin da idonka daga laushi zuwa tauri. A lura kuma da bambancin wanda ya girma a wurinsa da wanda ruwa ya gangaro da shi: na biyun yakan yi sumul da sheƙi, wani ya karye ta yadda zobbansa suka yanke a gefe, kuma ana samunsa gauraye da farar ƙanƙarar dutse a gindin tudu.

Mataki na shida: abin da hannu ba zai iya ba

Sanin ainihin yawan ƙarfe da fosfaras, da tantance ma'adinai masu kama da juna, aikin ɗakin gwaji ne, kuma Kaduna ta yi sa'a a nan. Hukumar binciken ƙasa da ma'adinai ta Najeriya, wadda aka kafa tushenta a 1919, tana da ɗakunan gwajinta a garin nan, haka ma hukumar neman albarkatun sarrafa ƙarfe da ke Malali, ga kuma sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A kai samfur da yawa daga wurare dabam-dabam na gaɓar, har da ƙasar da ke kewaye da su, kowanne a ledarsa da lambarsa da ta yi daidai da abin da ke cikin littafi. Zaɓar mafi nauyi guda ɗaya a kai shi kaɗai yana ba da lamba mai daɗin ji wadda ba ta wakiltar wurin, kuma da irin wannan ne mutane ke zuba kuɗi a ramin da ba shi da komai, domin tsakuwar tama a gona ba ta nufin akwai tamar da ta isa haƙa. Ko da ta isa, dokar ma'adinai ta 2007 ta sa mallakar ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya, kuma sai da lasisi ake bincike ko haƙa don kasuwanci.

Sauran samfur a wanke su, a shanya, a adana tare da takardunsu. Fairayit kaɗai ne ba a wankewa, a kuma ajiye shi a kwalba mai murfi nesa da danshi, domin raɓar damina tana sa shi fitar da farin gari mai tsami wanda ke cinye takardar lambarsa, sannan dunƙulen da kansa ya ruguje.